Nono da Ɗumi-ɗuminsa

A gidanmu ni ke ɗaure kaya a babur. Maigida ya iya tuƙi, ya kuma iya aikinsa na famfo. Bututun da ya shekara yana tsatsa, in ya kama shi sai ya kwance. Amma ka bar shi da roba da kariyar ɗora kaya a bayan babur, sai ka tsinci sipanarsa a titi. Muna sabon aure ya taɓa zubar da jakar aikinsa a mararrabar kasuwa, ya yi ta rarrafe a ƙarƙashin motocin mutane yana tsintar noti, direbobi na zazzaga masa ashar. Daga ranar na karɓi aikin, shi kuma ya laƙaba mini Kwandasta.

Aikin ba wuya in mutum ya sa hankali. Mai nauyi shi ke ƙasa, a kuma matso da shi kusa da bayan mai tuƙi don kada ya rinjayi babur. Abin da zafi ke ɓatawa ba ya zama a dama, can salansa take. Hannun jaka ba ya lilo, cusa shi ake yi, domin tayar baya ba ta da sabo, abin da ta kama ta kama. Robar kuwa daga tsohon tiyub nake yankowa da almakashi, in ja ta har ta sirance, in gicciya, in soke bakinta a ƙasa. In na ɗana ta da yatsa ta yi ƙara, to ta ɗauru. Jakar ƙarafa, gwangwanin gam, rigar ruwa, kwanon abincinsa, gorar ruwa, wani lokaci har da guntayen bututu a gefe, kowanne ya san wurinsa.

Sai aka ƙara mini kaya ɗaya: wata 'yar kula shuɗiya mai hannu.

Cikina na biyu bai kai ba. Yana wata bakwai jini ya ɓalle mini, aka yi mini aiki aka ciro yaro. Ban ji kukansa ba. Da na farfaɗo aka ce namiji ne, yana ɗakin jarirai, an sa shi a kwalba. Aka tura ni a keken marasa lafiya na leƙa shi ta gilashi. Jawur yake, ƙirjinsa na hawa da sauka kamar na ɗan tsako, ga siririyar roba a hancinsa, ta nan ake ɗura masa nono. Bayan 'yan kwanaki aka sallame ni, ana buƙatar gadon. Ina komawa gida ɗinkin ya yi ruwa. Asibitin yana can ƙarshen gari, mu muna wannan ƙarshen, tsakaninmu kuwa hanya ce da kwalta ta gudu ta bar wa ramuka. Nas ɗin unguwarmu mai wanke mini ciwon ta ce in na kuskura na hau babur kafin ya kame, ita ba ruwanta. Ga kuma 'yar farinmu da ba ta cika shekara uku ba, ba ta yarda da hannun kowa sai nawa.

Don haka abin da ya rage tsakanina da ɗana nono ne kawai, shi ma sai babur ya kai masa.

Ranar sallama, babbar sista mai tabarau ta zaunar da ni ta yi mini karatu. In wanke hannu da sabulu. In dafa 'yan kwalaben da murafensu. In tatsa, in rufe, ya shiga sanyi nan take, kada kuma ya fita daga sanyi har ya iso hannunsu.

"Bakwaini ba kamar sauran yara ba ne," ta ce. "Hanjinsa bai ƙosa ba. Abin da wani yaron zai sha ya yi gyatsa, shi sai ya kwantar da shi. Kin ji ko?"

Na ce na ji. Maigida a lokacin yana ƙasa yana neman motar da za ta kai ni gida.

Ba mu da firji. Maƙwabciyarmu, wata tela mai yawan barkwanci, ita ke da shi. Ta kwashe komai daga saman firjin ta goge shi tas.

"Na kori miyata, na kori ruwan sanyina, duk saboda angona," ta ce. "Ranar da ya fito daga kwalbar nan ya ce bai san ni ba, kotu ce za ta raba mu."

Abin da na tatsa da yamma da wanda na tatsa da asuba, duk can suke zama. Ita ke daskarar mini da ƙanƙara a ledoji. Ranar da aka ɗauke wuta sai ta yafa mayafi ta bi masu sayar da lemo tana roƙo, ba ta dawowa hannu rabbana.

Da safe ba na iya sunkuyawa, sai in jawo 'yar kujera kusa da babur in zauna, hannu ɗaya na dafe da mara. In jera kwalaben a tsaye a cikin kula, in zagaye su da ƙanƙara, in cusa tsumma mai tsabta a tsakaninsu don kada su yi karo. In naɗe kular da jiƙaƙƙen tawul, in ɗora ta a hagu, a kan rigar ruwa, don ta rage mata dukan rami. Robarta daban ce, sabuwa, ba ta taɓa ɗaure ƙarfe ba.

"Kwandasta," in ji Maigida yana ɗaura hular kwano, "kular nan ta fi ni daraja a gidan nan. Ni ko sannu ba a ce mini."

"Sannu. Kada ka ajiye babur a rana."

"Na ji."

"In ka isa gini ka kwance ta ka kai inuwa. Kada ka buɗe. In tawul ya bushe ka jiƙa."

"Jiya kin faɗa, shekaranjiya kin faɗa. Ko aku ne ai ya haddace."

"Gobe ma zan faɗa."

'Yar farinmu sai ta haye tanki ta danna hon, ta ce, "Baba, ka gaida Ɗan Kwalba!" Ba na son sunan, amma ubanta ne ya koya mata. Shi ke cewa kullum kwalba za ta kai wa kwalba ziyara, shi direba ne kawai.

Ba a karɓar nono a ɗakin jarirai sai likitoci sun gama zagaye, wajen tsakar rana. Shi kuma yana da aiki a wani babban gini da ke kan hanya, yana shimfiɗa musu bututu. Sai ya fara tsayawa can ya yi aikin safe, rana ta take ya sulale ya kai nonon, ya koma. Shi ya sa nake cika ƙanƙara har murfin kular ya riƙa gardama.

Da yamma ya dawo da kula fayau, da hotuna a waya.

"Yau ya buɗe ido ɗaya ya harare ni. Halinki ne sak."

"An auna shi?"

"Sun ce ya ɗan ƙaru. Sun ƙara masa abin da ake ɗura masa. Ki ƙara himma, Kwandasta, fasinjanki ya fara ci."

Nakan riƙe wayar ina kallon hoton har cajin ya ƙare. Kallon kawai ya isa nono ya sauko. Ni da tela muka yanka tsohuwar rigar sanyi muka ɗinka masa huluna, kowacce ba ta fi ta rufe lemon zaƙi ba. Hankalina ya fara kwanciya. Na san abin da na tatsa, na san yadda na ɗaure shi, ban bar ko kafar allura ba.

Wata rana da hantsi sosai, ina shanya kayan yarinya, sai na ji ƙarar baburinsa a ƙofar gida. Ba lokacin dawowarsa ba ne. Bai kashe inji ba.

"An kira ni daga asibiti. Sun ce a zo da ke."

"Me ya faru?"

"Sun ce dai a zo da ke."

Tela ta fito ta ɗauke yarinya tana tsala ihu tana miƙo mini hannu. Na ɗauki matashi. Na sauke kwanon abinci da gwangwanin gam na bar su a bakin ƙofa, na mayar da jakar ƙarafa kan tanki tsakanin hannayensa, na ja kula baya don in samu wurin zama. Na ji ta sakayau, amma hankalina ba ya wurin. Na hau, na sa matashin tsakanin cikina da bayansa.

Ban san hanyar ta lalace haka ba. Duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar ana farke ni da reza daga ciki. Shi kuma duk rami sai ya ce, "Sannu." Ya yi ta faɗa har na ce ya bari. Na zagaye shi da hannu na riƙe gam. A saman bel ɗinsa, ƙarƙashin riga, yatsuna suka taɓa wasu abubuwa masu tauri a jere. Na ɗauka mahaɗan bututu ne, don ya saba cusa su duk inda ya samu.

A ƙofar ɗakin jarirai ake cire takalmi. Wata ƙaramar sista ce a wurin, siririya mai fara'a. Tana ganin Maigida ta gane shi.

"Baban bakwaini, sannu da ƙoƙari."

Sai na ga ya zaro rigarsa daga wando, ya sa hannu cikin singileti, ya fara fito da kwalabena ɗaya bayan ɗaya. Gumi ya jiƙa su. Nonon ya rabu biyu, mai ya taso sama. Ya goge kowacce da gefen riga kafin ya miƙa mata, a hankali, kamar mai miƙa ƙwai.

"Yau dai ba za a ba shi ba," ta ce, "likita ta ce a tsayar. Ga takarda, ka je ɗakin magani ka karɓo wannan, yi sauri."

Ya karɓa ya juya da gudu-gudu. Ta dube ni.

"Ke ce uwar? Sai yau na gan ki. Ai na ɗauka a bencin waje kike zama kamar sauran mata, don naki kullum da ɗumi yake zuwa."

Na ce, "Daga wancan ƙarshen gari muke. Wannan na jiya da yamma ne, da na asuba. Tun safe ya fito da su."

Ta dubi kwalaben da ke hannunta. Fara'ar ta zube daga fuskarta. Ta buɗe ɗaya ta shinshina. Ni ma na karɓa na shinshina. Ba ya wari. Da yana wari da tuni an gane. Ta ajiye su a kan tebur can nesa da sauran, ta ce da ƙaramar murya, "Wanke hannu ki zo ki gan shi."

Ba yaron hoton jiya ba ne. Cikinsa ya kumbura ya yi sheƙi, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa. Robar hancin da ake ɗura masa nono, yanzu ta nan wani koren ruwa ke fitowa. An ɗaure hannunsa a kan ɗan kwali ana yi masa ƙarin ruwa. Ba ya kuka, ba shi da ƙarfin yi. Sista ta buɗe mini 'yar tagar da ke jikin kwalbar, na zura hannu na taɓa tafin ƙafarsa da yatsa ɗaya. Bai janye ba.

Likitar mace ce, idonta ya yi ja don gajiya. Ta ce hanjinsa ne ya kamu da ciwo, ya kumbura. Sun tsayar da nono don hanjin ya huta, sun fara ba shi magani mai ƙarfi ta jijiya. Ta ce ciwo ne da ke kama bakwaini, wasu su tashi, wasu ba sa tashi.

Na ce, "Likita, nonon da ya fita daga sanyi, ya daɗe a cikin ɗumi, zai iya kawo wannan?"

Ta dube ni, ta dubi ƙaramar sista da ke tsaye ta sunkuyar da kai.

"Zai iya," ta ce. "Zai iya yiwuwa kuma ba shi ba ne. Na ga yaran da aka yi wa komai daidai kuma ya kama su. Ba wanda zai rantse miki."

Da ta ce shi ne, da na san inda zan kai kukana. Da ta ce ba shi ba ne, da na numfasa. Sai ta bar ni a tsakiya.

Na sami Maigida a inda ake ajiye babura, bayan ya miƙa maganin. Yana tsaye yana goge madubi da hannun riga, madubin da ba abin da ya same shi. Na jingina da babur.

"Tun yaushe kake sa su a riga?"

Sai ya ɗan yi murmushi, na farko a ranar.

"Au, kin gani? Tun rana ta biyu. Ranar farko aiki ya riƙe ni na makara, sistar da ke ƙofa ta yi mini tatas. Ta ce, Malam, nonon bakwaini ba a yawo da shi a gari, ka riƙa kawowa da ɗumi-ɗuminsa. Na taɓa kwalbar na ji ta kamar dutsen ƙanƙara, wallahi kunya ta kama ni. Na ce gaskiyarta. Yaron da aka rufe a kwalba don kada iska ta taɓa shi, shi za a ɗura wa sanyi a ciki? Ni da gemuna in na sha ruwan sanyi da safe sai haƙorina ya amsa."

Da ɗumi-ɗuminsa. Haka muke cewa da labari, haka muke cewa da saƙo, ma'ana kada a ɓata lokaci. Kowa ya san haka. Shi ma ya sani. Amma yana tsaye da kwalba mai sanyi a hannu, ga ɗansa tsirara a bayan gilashi, sai kunnensa ya ji abin da zuciyarsa ke tsoro.

"Ina shan kwanar gidan mai nake tsayawa in ciro su," ya ci gaba. "Da su nake aiki. In zan sunkuya sai in dafe. Leburori har suna ce mini mai ciki, wai yaushe za a sauka. Ban taɓa fasa ko ɗaya ba."

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Haba, Kwandasta. Ke da kike fama da ciwo, kina jan jiki kina haɗa ƙanƙara, in buɗe baki in ce miki wahalar banza kike? Kuma ai ba ta ɓaci ba. Masu kwaɓa siminti ke zubawa a ruwansu, kullum sai sun sa miki albarka."

Maganar ta taso mini har maƙogwaro. Na ji ɗacinta a harshe. Kalma kaɗan ce, da na furta shi ke nan. Na dubi hannayensa, duk tsaga da baƙin gam. Na dubi bakin get, inda manyan motoci ke wucewa suna girgiza ƙasa. Kowace safiya a tsakaninsu yake bi. Mutumin da ke ɗauke da wannan magana a kai ba zai ga tirela ba sai ta hau shi. Ina da ɗa a kwalba, ina da 'ya a gida, uba ɗaya gare su. Na haɗiye.

"Daga yau a nan zan zauna," na ce. "Ka je ka kawo mini tabarma da bokiti da zannuwa. Ka ce wa tela ta yi haƙuri da yarinya."

"Ciwonki fa?"

"Ba ga asibiti ba?"

Haka na koma 'yar benci. Mu da yawa ne a barandar, kowacce da ledarta da kofinta, kowacce kunnenta na kan ƙofa. In aka buɗe sai hira ta tsaya cak har a kira sunan wata. Babbar sista ta ce kada in bar tatsa, kada nonon ya ƙafe kafin yaro ya warware. Sai in shiga banɗaki in tatsa a kofi, in tuntsurar a kwatami, in sakar masa ruwa. Wata mata mai tagwaye a ciki, nononta ba ya isa, takan bi kofina da kallo. Ba mu taɓa yin maganar ba.

Ƙaramar sista ta daina haɗa ido da ni. Ban tambaye ta ko ita ce a ƙofa ranar farko ba. Wata safiya ta ajiye mini shayi a gefen benci ta wuce. Na sha.

Maigida na zuwa kullum da tsakar rana da kayan da ya ɗaure da kansa. Ledar abinci na lilo a hannun babur, zane ya kusa shiga taya. Rannan ya iso da murfin fulas, fulas ɗin na can wani rami. Ban yi faɗa ba, shi kuma rashin faɗan ya fi damunsa.

"Kwandasta ta yi ritaya ke nan?"

"Yaya yarinya?"

"Tana nan. Ta ce in ce miki ta ci abinci, ba ta ci ba."

Sai ya je ya manna goshi a gilashi ya daɗe. In ya dawo ya ce, "Kamar cikin ya ɗan saɓe, ko?" In ce kamar. Akwai ranar da ni ma na ga kamar ya saɓe, har na kira tela na ce ta ajiye mini wurina a firji. Washegari kumburin ya fi na da.

Yaron ya cika ne da hantsi, masu shara na goge baranda, suna cewa mu ɗaga ƙafa. Babbar sista ce ta fito da kanta. Ba ta kira ni daga ƙofa ba kamar yadda ake yi, ta tako har benci ta cire tabarau. Matan suka matsa mata wuri.

Suka cire masa robobin, suka goge shi, suka naɗe shi a zanena, suka miƙo mini. Ranar na fara ɗaukarsa. Na yi ta jiran in ji nauyi a hannuna, ban ji ba.

Maigida ya iso daga gini da siminti a gira. Ba wanda ya faɗa masa, ya gani a hannuna. Ya cire hular kwano ya riƙe ta a ƙirji. Matar nan mai tagwaye ce ta naɗe mini tabarma, ta haɗa bokiti da matashi da jakar zannuwa, ta raka mu har wajen babur, ta ajiye, ta koma da sauri kada a kira ta.

Ya ɗora tabarma, ya ɗora bokiti a kai, ya kama roba yana ja. Robar ta suɓuce ta tsula masa a kunci, bokiti ya gangara ƙasa. Ya tsaya yana kallonsa kamar bai taɓa ganin bokiti ba.

"Riƙe shi," na ce.

Na miƙa masa yaron. Na sauke komai na sake lodi. Jakar ƙarafa a tanki. Zannuwa da huluna a cikin bokiti, matashi ya toshe bakinsa. Tabarma a gicciye a ƙarshen kariya. Da na ja robar na ji wani abu ya tsinke a marata, ɗumi ya biyo. Ban duba ba.

Saura shi. Goyo sai da ƙafar da za ta kama ƙugu, shi kuwa duka-dukansa bai wuce tsawon damtsena ba. Sai na kwantar da shi a ƙirjina, na zagaya zane ta ƙarƙashin hammata na ɗaure sama da ciwon, na ƙara ɗauri na biyu, na rufa mayafi. Na hau, na matsa jikin Maigida yadda iska ba za ta ratsa tsakaninmu ba.

Ba mu kai get ba nono ya sauko. Jiki bai san an yi mutuwa ba, ya ji yaro a wurinsa ne kawai. Ya jiƙa rigata, ya jiƙa zanen, na ji yana bin cikina.

A hankali yake tuƙi, yana kauce wa ramuka ɗaya-ɗaya, masu mota na danna mana hon suna wucewa. Wani ɗan acaɓa ya leƙo ya ce, "Malam, in ƙwai ka ɗauko ka hau gefe mana!" A mararraba danja ta tsayar da mu, hagu tirela, dama tirela, hayaƙi na dukan fuska. Sai na ji bayansa na girgiza a jikina. Ya ɗan juyo da kai, muryarsa a dishe.

"Abu ɗaya ke sanyaya mini rai, Kwandasta. Ɗan zaman da ya yi, ko sau ɗaya ban bari ya sha sanyi ba."

Danja ta saki. Tirelar hagu ta fara motsi.

Na ce, "Kalli gabanka."